Ƙona Alƙur'ani a Suwidin da Danmak: yadda maƙwabta biyu suka raba hanya a kan matsala ɗaya

Ranar 28 ga watan Yuni 2023, wadda ta yi daidai da Babbar Sallah, wani ɗan Iraƙi mai suna Salwan Momika ya je gaban babban masallacin Stockholm a ƙasar Suwidin, 'yan sanda sun ja shinge sun sa shi a tsakiya, mutane wajen 200 na tsaye a gefe wasu na ihu wasu na ɗauka a waya, ya ɗauko Alƙur'ani mai girma ya yayyaga, ya yi masa wulaƙancin da ba sai an maimaita ba sannan ya cinna wa shafukan wuta. Wani da ya yi yunƙurin jifansa da dutse shi 'yan sanda suka tafi da shi. Wannan hoton na 'yan sanda suna gadin mai ƙonawa shi ya fi komai ƙona ran mutane a ƙasashen Musulmi, don marasa mutunci kam ba inda babu su, amma a ce hukuma ce ke tsare musu baya? Daga nan kowa ya yanke cewa gwamnatin Suwidin ce ta ba da lasisin ƙona Alƙur'ani.

To maganar ta ɗan fi haka sarƙaƙiya. A Suwidin wajen 'yan sanda ake neman izinin taro ba wajen minista ba, kuma takardar da suke bayarwa ta taron ce kawai, ba ruwanta da abin da mutum zai faɗa in ya je. A watan Fabrairun shekarar ma 'yan sandan da kansu sun hana izini har sau biyu, ɗaya na gaban ofishin jakadancin Turkiyya ɗaya na Iraƙi, suka ce abun zai iya jawo wa ƙasar hari, masu neman izinin suka garzaya kotu, a Afrilu kotu ta ce 'yan sanda ba su da hurumi, aka ɗaukaka ƙara, a Yuni kotun sama ta sake faɗin haka. Hujjar alƙalan ita ce dokar taron jama'a ta yarda a hana ne kawai in akwai barazana a wurin taron ko kusa da shi, amma fargabar cewa wani a wata ƙasa zai fusata ya kawo hari wata rana, doka ba ta san da wannan ba. Kamar sati biyu bayan hukuncin sai ga Momika a ƙofar masallaci. Dokar hana ɓatanci ga addini kuwa tun 1970 Suwidin ta soke ta, ga shi ƙasa ce mai tinƙaho da cewa ita ta fara kafa dokar 'yancin 'yan jarida a duniya tun 1766, saboda haka iyakar abin da Firaminista Ulf Kristersson ya iya cewa shi ne doka ba ta hana ba amma abun bai dace ba.

Momika ba shi ya fara wannan sana'ar ba. Ubangidan harkar shi ne Rasmus Paludan, lauya ɗan Danmak wanda kuma yake da fasfon Suwidin, shugaban wata 'yar jam'iyya mai ƙyamar baƙi ana ce mata Stram Kurs. A zaɓen Danmak na 2019 kashi 1.8 cikin ɗari ya samu, bai kai kashi 2 da ake buƙata a shiga majalisa ba. Sai ya tsallaka Suwidin, a Afrilun 2022 lokacin bikin Ista wanda ya faɗo cikin azumi, ya riƙa bin garuruwan da Musulmi ke da yawa yana shelar zai ƙona Alƙur'ani, tarzoma ta ɓarke a Linköping da Norrköping da Örebro da Malmö, aka ƙona motocin 'yan sanda, aka ji wa 'yan sanda da yawa rauni, daga baya matasa da dama suka tafi gidan yari. Wani wajen ma Paludan bai ko leƙa ba, sanarwar kawai ta isa. Da aka zo zaɓen Suwidin a Satumban wannan shekarar ƙuri'a 156 jam'iyyarsa ta samu a ƙasar gaba ɗaya. Mutumin da ke da magoya baya 156 shi ne ya zo ya tsaya wa ƙasa guda a wuya a harkar tsaronta.

Don kuwa ranar 21 ga Janairu 2023 ya je gaban ofishin jakadancin Turkiyya a Stockholm ya sake ƙonawa, a daidai lokacin da Suwidin ke lallashin Turkiyya. Bayan Rasha ta afka wa Yukiren, Suwidin da Finlan sun nemi shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a Mayun 2022, kuma ƙa'idar ƙungiyar sai duk mambobi sun yarda, ita kuwa Turkiyya dama ta riƙe wuya a kan zargin Suwidin na ba 'yan tawayen Kurdawa na ƙungiyar PKK mafaka. Nan take Ankara ta soke ziyarar ministan tsaron Suwidin, Shugaba Erdogan ya ce kada su sa ran goyon bayansa. Finlan ta shige a Afrilun 2023 ta bar Suwidin a bakin ƙofa. Abin lura, ita Finlan har yanzu tana da dokar hana keta alfarmar addini, kuma 'yan sandanta sun fito sun ce a can ba za a bari a yi irin wannan ba, wato ko a tsakanin ƙasashen arewacin Turai ɗin ma bakinsu bai zo ɗaya ba.

Bayan abin da ya faru ranar Sallah sai komai ya dagule. Maroko ta janye jakadanta, mabiya malamin Shi'a na Iraƙi Muƙtada al-Sadr suka kutsa ofishin jakadancin Suwidin a Bagadaza, da aka ji Momika ya sake samun izinin yi a gaban ofishin jakadancin Iraƙi a Stockholm sai suka koma da asubar 20 ga Yuli suka banka wa ginin wuta, gwamnatin Iraƙi ta kori jakadiyar Suwidin har aka yi ta maganar dakatar da aikin kamfanin sadarwa na Suwidin, Ericsson, a ƙasar. Azhar dama tun Janairu ta yi kiran a ƙaurace wa kayan Suwidin. Fafaroma Francis ya ce abun ya fusata shi. Kuwaiti ta ce za ta buga Alƙur'ani kwafi 100,000 da harshen Suwidin a raba, wanda ni dai a ganina ya fi duk sauran martanin ma'ana. Shi ma Putin bai bari ta wuce shi ba, a ranar Sallar yana masallacin garin Derbent da ke kudancin Rasha rungume da Alƙur'ani yana cewa a Rasha laifi ne wulaƙanta shi, kowa dai da abin da yake nema a cikin rigimar. Ranar 17 ga Agusta hukumar tsaron cikin gida ta Suwidin ta ɗaga matakin barazanar ta'addanci daga 3 zuwa 4 cikin 5, kuma ranar 16 ga Oktoba wani ɗan bindiga ya harbe 'yan Suwidin biyu a Brussels, babban birnin Beljiyam, mutanen da ƙwallo kawai suka je kallo sanye da rigar ƙasarsu, ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

A Majalisar Ɗinkin Duniya ma an gwabza. Ranar 12 ga Yuli Pakistan ta gabatar da ƙudiri a madadin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam da ke Geneva, ana kira ga ƙasashe su gyara dokokinsu su hukunta irin wannan aiki, ƙasashe 28 suka amince, 12 suka ƙi, 7 suka yi rowar ƙuri'a. Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus na cikin waɗanda suka ƙi, kuma hujjarsu ita ce ainihin gindin gardamar gaba ɗaya: wai dokar haƙƙin ɗan Adam mutum take karewa, ba ta kare addini ko littafi ko aƙida, in ka ce a tsani Musulmi ko a kore su ka yi laifi, in kuwa littafinsu ka soka to ra'ayi ne. Ɗaya ɓangaren suka ce wannan rabuwar a takarda kawai take, wanda ya zaɓi ranar Idi ya zaɓi ƙofar masallaci ai ba da takarda yake faɗa ba, mutanen da ke ciki yake gaya wa cewa ba a son su a ƙasar, kuma ku da kuke cewa baki ba shi da linzami ai a Jamus da Faransa ana hukunta wanda ya musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. Ni a nan ina ganin ɓangare na biyu ya fi gaskiya, ko da yake wasu daga cikin masu ɗauke da tutar ba su da bakin magana. Wata ɗaya kacal bayan ƙudirin, ranar 16 ga Agusta, gungun mutane suka ƙona coci-coci da gidajen Kiristoci a garin Jaranwala na Pakistan ɗin kan zargin an wulaƙanta Alƙur'ani. Kuma a Oktoban 2022 da aka nemi wannan kwamitin ya zauna ya tattauna halin da Musulmin Uighur ke ciki a Sin, tattaunawa kawai fa, ƙudirin ya faɗi da ƙuri'a 19 da 17, kuma Pakistan da Indonesiya da Ƙatar da Daular Larabawa suna cikin waɗanda suka kayar da shi.

Danmak ita ce ta karaya. A Yulin 2023 wata 'yar ƙungiya mai suna Danske Patrioter ta fara ƙonawa a gaban ofisoshin jakadancin ƙasashen Musulmi a Kopanhagen, mutum biyu uku ne za su zo da waya suna watsawa kai tsaye a Facebook, amma kusan kullum, har 'yan sanda suka ƙirga ƙone-ƙonen littafi ko tuta 483 daga 21 ga Yuli zuwa 24 ga Oktoba. Ita kuwa Danmak wanda maciji ya sara ne, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A Satumban 2005 wata jaridarsu, Jyllands-Posten, ta buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), zuwa farkon 2006 an ƙona ofisoshin jakadancinsu a Damaskus da Beirut, kasuwannin ƙasashen Larabawa sun kwashe kayan Danmak daga kanta, kamfanin madara na Arla wanda ya shafe shekaru yana gina kasuwa a Saudiyya ya wayi gari cikin 'yan kwanaki ba mai sayen kayansa, firaministan lokacin Anders Fogh Rasmussen ya ce tun yaƙin duniya na biyu ba su shiga rikicin ƙetare irin wannan ba. Duk da haka a 2017 majalisarsu ta soke dokar ɓatanci da ta samo asali tun 1683, kuma a lokacin akwai wani da ake tuhuma da ƙona Alƙur'ani ya sa a intanet, shari'arsa ta mutu tare da dokar.

Shekara shida bayan nan sai ga su sun dawo ta wata ƙofar. Ministan shari'a Peter Hummelgaard ya kawo ƙudiri a Agustan 2023, aka yi ta ja-in-ja, marubuta da masu zane suka yi ca, aka rage masa kaifi ya tsaya a kan littattafan addinan da hukuma ta yi wa rajista, aka kuma ɗaga ƙafa ga ayyukan fasaha in abun ɗan ƙaramin sashe ne na aikin, ranar 7 ga Disamba majalisa ta amince da ƙuri'a 94 da 77. Duk wanda ya ƙona ko ya yaga ko ya tattaka littafi mai tsarki a bainar jama'a, ko ya ɗauka a bidiyo don yaɗawa, tara ce ko ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 2. Amma da baki ko da alƙalami ka soki addini yadda ka ga dama, dokar ba ta taɓa wannan ba. Ka duba kuma inda suka ajiye ta, a sashen dokar laifuka da ya shafi hulɗa da ƙasashen waje, wanda dama ya hana wulaƙanta tutar wata ƙasa. Gwamnatin Mette Frederiksen ba ta ɓoye ba, ta ce tsaron ƙasa ne da muradunta a waje suka sa, ba ta ce ta gano Musulmi na da gaskiya ba. 'Yan adawa na dama da na hagu, waɗanda ba su cika haɗuwa a kan komai ba, suka haɗu suna cewa an miƙa wuya ga masu tayar da hankali da gwamnatocin kama-karya irin na Iran.

Suwidin ba ta bi ba. Taɓa 'yancin faɗin albarkacin baki a can yana iya kai ga tsarin mulki, wanda gyara shi sai majalisa ta amince sau biyu da zaɓe a tsakani, ga shi gwamnatin Kristersson a kan goyon bayan jam'iyyar Sweden Democrats mai adawa da baƙi take tsaye, su kuwa ba za su taɓa yarda ba. Kwamiti kawai aka kafa ya duba ko za a ba 'yan sanda damar la'akari da tsaron ƙasa wajen ba da izini. Amma masu gabatar da ƙara sun zagayo ta wata tsohuwar doka da ke nan, ta hana tunzura jama'a a kan wata al'umma saboda launi ko asali ko addini. A Oktoban 2023 kotun Linköping ta samu wani matashi da laifi kan bidiyon da ya yi a 2020, inda ya ƙona Alƙur'ani ya kuma ɗora kiɗan da maharin masallatan Christchurch na ƙasar New Zealand ya yi amfani da shi, kotu ta ce wannan kiɗan ya nuna mutane yake nufi. A Nuwamban 2024 kotun Malmö ta yanke wa Paludan ɗaurin wata 4 saboda maganganun da ya yi kan Musulmi da Larabawa da 'yan Afirka a tarukan 2022. Momika da abokin tafiyarsa Salwan Najem su ma an gurfanar da su kan taruka huɗu na 2023.

Shi Momika bai ji hukuncinsa ba. Dama rayuwarsa a rikice take, ya taso a gidan Kiristoci a arewacin Iraƙi, ya yi zama cikin mayaƙan sa-kai, ya zo Suwidin ya ce shi ba ya bin kowane addini, hukumar shige da fice ta janye takardar zamansa saboda bayanan ƙarya amma ta kasa mayar da shi gida don tsoron za a azabtar da shi, ya gudu Norway suka maido shi. Daren 29 ga Janairu 2025, ana gobe za a yanke hukunci, aka harbe shi a wani gida a garin Södertälje. An kama mutum biyar aka sake su cikin 'yan kwanaki. Ranar 3 ga Fabrairu kotu ta samu Najem da laifi, ta yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka da tara, alƙalin ya ce fagen sukar addini a buɗe yake amma wannan bai ba mutum damar faɗin komai da yin komai ga mabiyansa ba. Wanda ya harbe Momika, ko waye shi, ya hana kotun Suwidin ta faɗa masa wannan maganar a idonsa, ya kuma ba masu ƙyamar Musulmi gwarzon da za su riƙa ɗaga hotonsa.

Turkiyya fa? Kwana 12 bayan abin da aka yi a ƙofar masallaci, ranar 10 ga Yuli a Vilnius, babban birnin Lithuania, Erdogan ya yarda zai tura takardar shigar Suwidin NATO majalisar Turkiyya. Majalisar ta amince a Janairun 2024, cikin 'yan kwanaki Amurka ta sa hannu a kan sayar wa Turkiyya jiragen yaƙi F-16 na dala biliyan 23, Suwidin ta shiga NATO ranar 7 ga Maris 2024. Ta tsaurara dokar ta'addanci saboda PKK, ta buɗe wa Ankara cinikin makamai, amma a kan ƙona Alƙur'ani ko wasali ɗaya ba ta canja a dokarta ba.

Akwai wani abu da ya faru a tsakiyar rigimar da ya kamata a ce ya fi haka yaɗuwa. Wani Musulmi mazaunin Suwidin ya nemi izinin ƙona Attaura da Baibul a gaban ofishin jakadancin Isra'ila, 'yan sanda suka ba shi kamar yadda suka ba waɗancan, shugabannin Isra'ila suka yi ta Allah wadai. Ranar 15 ga Yuli ya zo, 'yan jarida sun cika wurin da kyamarori, ya ciro laita daga jaka ya jefar a ƙasa, ya ce shi Musulmi ne ba ya ƙona littafin kowa, ya zo ne ya nuna 'yanci ma yana da iyaka. Da laita ɗaya ya gwada cewa dokar Suwidin ba Musulmi kaɗai ta bari a ci wa mutunci ba, ya kuma gwada cewa zafin da ake ji ba na Musulmi kaɗai ba ne in abun ya zo kan mutum.

In aka tambaye ni wace hanya ta fi, da yawa za su ce ta Danmak tunda ita ce ta hana ƙonawar kai tsaye, kuma gaskiya ƙone-ƙonen sun ja baya. Amma ni tana ban tsoro, don dokar da aka yi saboda fargaba ranar da fargabar ta kwanta wata majalisar za ta iya soke ta kamar yadda aka yi a 2017, kuma darasin da ta bari a ɓangarorin biyu mummuna ne, na nan su ce ashe sai an ƙona ofishin jakadanci ake jin magana, na can su ce ga shi Musulmi da barazana suke karɓar abu. Hukuncin kotunan Suwidin ya zo a makare kuma bai hana a ba da izinin taro ba, sai dai abin da ya rubuta a kundin shari'a ya fi amfani ga wanda ke zaune a ƙasar, wato Musulmi al'umma ce da doka ta hana a ci wa zarafi, kuma wannan yana aiki ko da littafi a hannun mai zagin ko babu.

A Mayun 2025 aka yi hukuncin farko a ƙarƙashin sabuwar dokar Danmak, wata kotu a tsibirin Bornholm ta ci Paludan da wani mutum tarar kurona 10,000 kowanne. Majalisar da ta yi wannan doka ita ce dai ta haramta rufe fuska a bainar jama'a tun Agustan 2018, kuma dokar na nan daram, macen da aka kama da niƙabi a titin Kopanhagen za ta biya kurona 1,000 a karon farko, in aka kai karo na huɗu tarar ta zama 10,000.